Ziyarar Tashar Jiragen Ruwa ta Tema, da Abin da Ya Kamata Mai Kaya Ya Sani

 Muna so mu ba ku labarin garin Tema da tashar jiragen ruwansa, gama babu gida ɗaya a zangunan ƙasar nan wanda abin da ke gudana a bakin ruwan can bai shafe shi ba. Shinkafar da ke cikin tukunya, da yadin da tela ke yankawa, da kayan gyaran motar da 'ya'yanmu ke ɗaurawa a Magazin ta Suame, da gwanjon da a ke kwancewa a Kantamanto, galibinsu ta nan suka shigo, cikin akwatunan ƙarfen nan da a ke kira kwantena. In jirgi ya makara, kasuwa ta yi tsada. In kwantena ta maƙale, wani ɗan'uwa ya rasa barci. Saboda haka shugabannin ƙungiya suka ga ya kyautu a tashi mutane su je su gano da idonsu, su komo su faɗa wa jama'a, tun da ya ke gani ya kori ji.

Hanya

Mu bakwai aka tasa, akwai fatake uku, da direban tirela wanda ya ajiye aiki, da mu malaman makarantar allo biyu, da yaro ɗan boko mai riƙe mana takarda. Muka bar Kumasi bayan sallar asuba, muka bi ta Konongo, muka sauka Nkawkaw ƙarƙashin duwatsun Kwahu muka karya kumallo, sa'an nan muka wuce Suhum da Nsawam, inda mata masu burodi ke yanyame kowace mota. Tsakanin Kumasi da Ankara mil 150 ne da ɗoriya. Tun a hanya mutum zai fara karatun abin da ya fito nema, domin ba ka yin mil biyu ba ka gamu da tirela ɗauke da kwantena ba, wata ja, wata shuɗiya, wata tsatsa ta ci gefenta, suna hawan tudu da ƙyar suna nishi. Da yawansu lambar Burkina gare su ko ta Mali. Direbanmu ya ce daga Tema za su bi Kumasi, Techiman, Tamale, Bolgatanga, su tsaya iyaka a Paga, kana su shiga Wagadugu, tafiyar mil 600 ko fiye.

Daga Ankara muka hau babban titin nan da aka buɗe a 1965, mai tsawon mil 12, muka isa Ashaiman da la'asar. Nan muka kwana wurin wani malami abokin karatunmu, ya yi mana karɓa ta mutunci, Allah Ya saka masa da alheri. Zangon Ashaiman cike ya ke da mutanen da ke cin abinci daga tashar: direbobi, da yaran mota, da 'yan dako, da masu gadi, da mata masu tuwo da wake da shinkafa. In jirage sun yi yawa, unguwa ta yi armashi, in sun ragu kuwa, har mai shayi sai ya ji a jikinsa.

Asalin garin

A da Tema ƙauyen masunta ne na Gawa, watau mutanen Ga. A zamanin nan jirgin da ya kawo kaya Ankara ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya can nesa cikin teku, a tura manyan kwale-kwale su je su kwaso, matuƙa suna kokawa da igiyar ruwa, wani kaya ya iso a jiƙe, wani ya nutse. Tasha mai zurfi ɗaya ce a ƙasar, ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. Da aka yi niyyar gina madatsar ruwa ta Akosombo da ma'aikatar narka gorar ruwa, sai aka ga lalle a sami tasha a gabas. Aka fara aiki cikin shekarun 1950, aka fasa dutse a tsaunukan Shai, aka jawo shi cikin jirgin ƙasa, aka yi ta zubawa cikin teku har aka yi katanga mai tare igiyar ruwa. Masuntan aka tashe su aka kai su sabon gari, Tema Manhean. Kwame Nkrumah ya buɗe tashar a 1962.

Garin kansa an zana shi a takarda kafin a sa tubali, shi ya sa unguwanninsa lamba gare su, ta ɗaya, ta biyu, har gaba. Wani abin sha'awa kuma, layin nan da masu taswira suka ja daga Girinic ta Ingila, wanda ya raba duniya gabas da yamma, ta cikin Tema ya ratsa ya faɗa teku. Muka tsaya a wurin, ɗayanmu ya ce yau ga shi ƙafarsa ɗaya a gabashin duniya, ɗaya a yammacinta, muka yi dariya.

Cikin tasha

Ba a shiga tashar haka kawai. Sai da wani ɗan zango, ejan mai fiton kaya, ya nema mana izini tun da sati biyu, aka ba mu riguna masu ƙyalli da hulunan kwano, muka ɗora bisa namu. Sabon sashen, wanda aka fara aiki da shi a 2019, an cike teku ne aka yi shi, zurfin ruwansa mita 16, don manyan jirage su iya jingina. Tsarki ya tabbata ga Allah, ba mu taɓa ganin abu irin wannan ba. Kwantena jere bisa kwantena, hawa biyar, hawa shida, layi bayan layi kamar unguwa, har da tituna a tsakani. A bakin ruwa ga waɗansu ƙugiyoyi na ƙarfe, sun fi hasumiyar kowane masallaci da muka sani tsawo, mutum guda zaune can sama cikin ɗan ɗakin gilashi, yana saukar da ƙugiya ta cafki kwantena kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako, ya ajiye ta bisa mota, wata motar ta matso. Kwantena fiye da miliyan ɗaya ke ratsa Tema a shekara.

Ita kwantena iri biyu ce galibi, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Akwai kuma masu sanyi, waɗanda a ke zuba kaji da kifi, su sai an sa musu wutar lantarki dare da rana, in wuta ta yanke kaya ya lalace. Kowacce tana da suna a jikinta, baƙi huɗu na boko da lamba bakwai, babu biyu a duniya masu suna ɗaya. A ƙofarta kuma akwai hatimi na ƙarfe mai tasa lambar, wanda ba ya buɗuwa sai an yanke shi. Wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, shi ya fara wannan dabara. A watan Afrilu 1956 ya ɗora akwati 58 bisa jirgi daga Newark zuwa Houston. Kafin nan buhu buhu a ke loda jirgi, ya yi sati ko fiye a tasha, ɓarayi kuma suna samun rabonsu. Yanzu kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi.

To, amma fa sauƙin nan yana da farashinsa. Da ya ke an ɗaure duniya duka da igiya ɗaya, jirage ɗaya, akwatuna ɗaya, mashigai ƙalilan, in igiyar ta tsinke a wuri guda sai kowa ya ji girgiza. Wannan shi ne abin da ejan ɗinmu da tsofaffin ma'aikata suka zauna suka warware mana a inuwar wani sito, mu kuma muka haɗa da abin da muka sani, ga shi muna kawo muku.

Masifun teku

Na farko toshewar mashigi. Mashigin Suwes na ƙasar Masar, wanda aka haƙa aka buɗe a 1869, shi ne ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum, tsawonsa mil 120. An rufe shi a 1956 saboda yaƙi, aka sake rufe shi daga 1967 har 1975, shekara 8 cur, jirage 15 suka maƙale a ciki duk tsawon lokacin. Ran 23 ga Maris 2021 kuma wani ƙaton jirgi mai suna Ever Given, tsawonsa ƙafa 1,300, ya gitta a mashigin cikin iska mai ƙura, ya kafe, gaba a gaɓar gabas, baya a ta yamma. Kwana 6 ana haƙa ana ja kafin ya motsa, jirage fiye da 400 suna jira. Bayan an fid da shi, hukumar mashigin ta riƙe shi saboda maganar diyya har watan Yuli, masu kayan da ke cikinsa suna ta zuba ido.

Daga watan Nuwamba 2023 kuma mayaƙan Husi na ƙasar Yaman suka shiga harbin jirage a Bahar Maliya. Manyan kamfanoni suka janye jiragensu, suka koma zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu, abin da ya ƙara musu kwana goma ko sati biyu a tafiyar Asiya zuwa Turai. A shekarar nan ta 2023 fari ya rage ruwan mashigin Panama, har jiragen da ke wucewa a rana suka ragu daga wajen 36 zuwa 22.

Wani cikinmu ya ce, to, ina ruwanmu, tun da jiragen da ke zuwa mana daga ƙasar Sin da ma ta kudu da yawansu ke biyowa? Ejan ya ce da ruwanmu ƙwarai. Jirgin da ya ƙara sati biyu a hanya, ya rage sawun da zai yi a shekara, watau jirage sun yi ƙaranci ke nan a duniya duka. Kwantenar da ta daɗe bisa ruwa ba ta komo an sake cika ta da wuri ba, watau akwatuna sun yi ƙaranci. Kamfani kuwa inda kuɗi ya fi tsoka nan ya ke kai jirginsa, sai a cire daga layinmu a kai layin Turai. Ga shi kuma kaya da yawa ba sa zuwa mana kai tsaye, sai an sauke su a wata tasha, kamar Singafo ko Tanja ta Maroko, a jira wani jirgin. In can ta cushe, namu ya kwana.

Na biyu annoba. A 2020 da 2021, zamanin korona, aka rufe ma'aikatu da tashoshi, sa'an nan mutanen Amurka da Turai suka tashi sayen kaya gaba ɗaya. Hayar kwantena mai ƙafa 40 a manyan layukan duniya, wadda a da ba ta kai dala 2,000 ba, ta haura dala 10,000 a watan Satumba 2021. A farkon 2022 jirage fiye da 100 ke layi suna jiran shiga tashoshin Los Anjalis. Fatakenmu ba su manta wannan lokaci ba.

Na uku karyewar mai jirgi. A watan Agusta 2016 kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu ya karye, tashoshi suka ƙi karɓar jiragensa don tsoron ba za a biya su ba, jirage suka yi ta yawo bisa teku da kayan mutane. A watan Yuni 2017 kuma wata cutar kwamfuta ta shiga injunan kamfanin Maersk, aka wayi gari ba a san wace kwantena ke ɗauke da me ba, ma'aikata suka koma alƙalami da takarda, kamfanin ya ce ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300.

Na huɗu ruwan kansa. A ƙarshen Nuwamba 2020 hadari ya kama jirgin ONE Apus a tekun Pasifik, kwantena 1,816 suka zube cikin ruwa. A tekunmu na Gini kuma 'yan fashi sun sace matuƙa 130 a 2020, ko da ya ke abin ya ragu ƙwarai daga baya.

Masifun tudu

Kada mutum ya ce da jirgi ya jingina an gama. A watan Satumba 2002 da yaƙi ya tashi a Kwaddebuwa, hanyar Abijan ta yanke, kayan Burkina da Mali suka juyo Tema da Lome, tasharmu ta cika har ta rasa inda za ta sa su. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, motocin 'yan'uwanmu da yawa suka tsaya a Seme. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Binin, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta tsaya cik, kayan Nijar suka taru a Kwatano, aka koma bi da su ta Lome da Burkina, motoci ɗaruruwa a jere, soja suna rakiya saboda 'yan bindiga. Direbobin da muka tarar a wurin ajiye motoci sun ce wani ya kan yi makonni yana jiran a haɗa rakiya, guzuri ya ƙare, mai kaya yana ta bugo waya.

Sai masifar da ta fi cin ƙananan 'yan kasuwa, ita kuwa ba ta da ƙara, watau ta takarda da ta kuɗi. In kwantena ta sauka, kamfanin jirgi ya kan ba ka 'yan kwanaki kyauta, galibi kamar mako guda, ka fid da kayanka ka mayar masa da akwatinsa. In ka wuce, sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, da dala a ke lissafinsa, tasha kuma tana lissafin kuɗin ajiya nata dabam. In ka daɗe har ka wuce wa'adin da doka ta yanka, kwastan na da ikon kama kayan su yi gwanjonsa. Kuɗin fito kuma da canjin dala a ke auna shi. A farkon 2022 dala ɗaya sidi 6 ce da 'yan kai, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sidi 13. Wanda ya yi lissafin fitonsa ran da ya sayi kaya, ran da jirgi ya iso sai ya tarar kuɗin hannunsa bai kai ba, yana neman cikon kuwa kuɗin jinkiri na tafiya.

Mun san wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, uku cikinsu almajiranmu ne. Ta tattara abin da ta gada da kuɗin adashi, ta shiga kwantenar haɗaka da mutum takwas, ta sayo hijabai da takalman yara don kasuwar ƙaramar salla. Ashe ɗaya cikin abokan haɗakar ya cusa kayan da bai rubuta a takarda ba. Da aka sa kwantenar a na'urar leƙe aka gani, aka tsare ta duka. Kafin a warware, salla ta wuce da sati uku, kuɗin jinkiri ya cinye ribar da rabin uwar kuɗin, kuma babu rubutu ko ɗaya tsakaninsu da za a kama mai laifin da shi. Har yau tana biyan bashi. Saboda irinta muka yi wannan tafiya.

Dabarar madugai

Wannan sha'ani ba baƙo ba ne gare mu. Sunan da a ke kiranmu da shi ma, zango, na matafiya ne. Kakanninmu da suka riƙa kai goro daga Gwanja zuwa Kano, su komo da kanwa da tufafi da fata, wata da watanni su ke yi a hanya, ga kogi, ga 'yan fashi, ga sarakuna masu karɓar kuɗin hanya. Ba su tafiya sai da madugu wanda ya san hanya fiye da ɗaya, da jagaba mai wucewa gaba ya jiwo labari, da malamin ayari mai riƙe lissafi, da maigida amintacce a kowane zango. Suna tashi da rani don kada damina ta tsare su a bakin kogi. Goro kuwa ɗan lele ne, kullum sai an kwance an duba an yayyafa ruwa, kamar dai kwantenar sanyi ta yau. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, ciniki bai mutu ba, fatake suka karkata Kete Krachi da sauran garuruwa, waɗansu suka gangaro Kumasi da Ankara. Manyan kamfanonin yau abin da su ke yi ke nan da kwamfuta: su sayi kaya wurin masu ƙira biyu ko uku, su ajiye abin da zai ishe su 'yan makonni a sito, su yi alkawari da jirage fiye da ɗaya, su sa mutum yana bin labarin hanya kullum.

Littattafanmu ma ba su bar maganar ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan hukuncin hayar jirgin ruwa, inda aka nuna hakkin mai jirgi yana rataye da isar da kaya, asarar da teku ta jawo kuwa ba a ɗora masa ita. Malaman Malikiyya sun yi bayani kuma cewa in jirgi ya tasam ma nutsewa aka zubar da kayan wani don a tsira, ba shi kaɗai zai ɗauki asarar ba, za a raba ta bisa dukiyar cinikin da ke cikin jirgin. Dokar teku ta yau haka ta ke, kuma ita masu Ever Given suka ɗaga a 2021: kowane mai kaya sai ya ba da rabonsa na kuɗin ceton jirgin gwargwadon darajar kayansa, ko da kayansa ko ƙwarzane bai yi ba. Mai inshora, kamfaninsa ya tsaya masa. Wanda ba shi da ita sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a sakar masa kaya.

Shawara ga jama'a

Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ƙasar Sin zuwa Tema jirgi ya kan yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi in lafiya, ban da kwanakin loda da na fito. Mai neman kasuwar salla ya ƙirga baya daga ranar salla, ya ƙara wata guda na ko-ta-kwana. Ya sani kuma mutanen Sin suna rufe ma'aikatunsu lokacin sabuwar shekararsu, cikin Janairu ko Fabrairu, watanninmu kuwa suna ja baya da kwana 11 kowace shekara. A 2026, ga misali, sabuwar shekararsu da farkon azuminmu cikin mako ɗaya su ke na watan Fabrairu.

Na biyu, kada mutum ya zuba jarinsa duka a jirgi ɗaya. In da hali a raba kaya kashi biyu, a sa makonni tsakani. In babu hali, a rage abin da za a saya, a bar wani abu a hannu.

Na uku, kuɗin fito ya kasance a ajiye tun kafin jirgi ya iso, da ƙari a kai saboda canji. A tambayi kwana nawa ne na kyauta tun ran da a ke ɗaukar haya, a nemi ƙari a rubuce, gama a lokacin ne a ke iya ciniki, bayan kaya ya sauka babu sauran magana.

Na huɗu, rubutu. Masu haɗaka su zauna gaban shaidu biyu, a rubuta sunan kowa, da kayan kowa, da abin da ya biya, da wanda sunansa ke kan takardar jirgi, domin shi kaɗai kamfani ya sani. A rubuta kuma cewa wanda ya ɓoye kaya har aka tsare kwantena, shi zai ɗauki kuɗin jinkiri. A kwafe lambar kwantena da ta hatimi cikin littafi. Wanda bai iya boko ba ya zo makaranta bayan la'asar, mu rubuta masa da ajami, yaro ya sa lambobin a gefe, ba mu karɓar ko kwabo. Da lambar nan ɗanka zai iya duba maka a waya inda jirgi ya ke kowace safiya.

Na biyar, a nemi ejan mai lasisi, wanda a ka san ofishinsa da gidansa, a karɓi rasit na kowane abu. Wanda ya ce zai fitar maka da kaya da rabin kuɗin da kowa ke biya, ka tuna araha ba ta ado. A faɗa wa kwastan gaskiyar abin da ke ciki.

Na shida, maganar inshora. Dokar teku ta ƙayyade iyakar abin da mai jirgi zai biya in kaya ya ɓace, sau da yawa kuwa bai kai kuɗin kayan ba. Mun san akwai masu ƙyamar inshora saboda maganar malamai a kanta, akwai kuma irin ta taimakon juna da a ke kira takaful. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ya loda, ya san matsayinsa.

Na bakwai, masu kai kaya arewa su san hanya ta biyu da mutum na biyu. Wanda ke bi ta Tema ya san wani a Takoradi da Lome. Kafin mota ta tashi a tambayi direbobin da suka sauko jiya, su ne jagaban zamanin nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar kafa ɗan asusu, kowane mai shigo da kaya ya riƙa sa wani abu duk wata, don in kwantenar ɗan'uwa ta maƙale saboda ƙarancin kuɗin fito a ranta masa nan da nan, ba ruwa, ya biya in ya sayar. Bashin kwana goma da aka samu a kan kari ya kan tsare jarin shekara goma. Za a kawo maganar a taron wata mai zuwa, muna fata kowa zai halarta, mata musamman, gama su suka fi yawa cikin masu haɗaka.

 Allah Ya kiyaye matafiya na ruwa da na tudu, Ya sa albarka cikin neman kowa, Ya fid da wanda kayansa ya maƙale. Amin.